Sharhi Kan Aikin Wani Dillalin Gidaje a Kano: Inda Ya Ƙware da Inda Ya Gaza

Yawancin masu neman gida a Kano ba sa zuwa wurin dillali sai sun riga sun yanke shawara a zuciyarsu, domin a ganinsu aikinsa bai wuce ya nuna gida, ya haɗa mai saye da mai sayarwa, ya shaida ciniki, sannan ya karɓi la'adarsa ba. Ofishin dillancin da na bi ta hannunsa na sayi gidan da iyalina ke ciki yanzu ya ɗauki aikin da faɗi fiye da haka, kuma wannan ne ya sa na ga ya cancanci a yi masa sharhi na tsanaki. Ba zan ambaci sunan ofishin ko na mai shi ba, saboda akwai gazawar da zan faɗa tare da yabon, kuma abin da zai amfani mai karatu shi ne ya san irin aikin da ya kamata ya nema a wurin kowane dillali. Ƙaramin ofishi ne mai ɗaki biyu a saman wasu shaguna. Mai shi dattijo ne da ya daɗe a harkar filaye da gidaje, yana da samari biyu da ke kai mutane duba gidaje, sannan akwai safiyo da lauya da yake kira idan buƙata ta taso. Kowa Alhaji yake kiransa, ni ma haka zan kira shi a nan.

A zamanmu na farko bai nuna mini hoton gida ko ɗaya ba, duk da cewa wayarsa cike take da su. Littafi ya buɗe ya riƙa yi mini tambayoyi yana rubutawa: yarana nawa, maza nawa mata nawa, shekarun babbansu, ko akwai wani daga cikin iyayena da zai zauna tare da mu, inda nake aiki, inda maiɗakina take aiki, da kuma shekarun da suka rage mini kafin ritaya. Da na gaya masa cewa mahaifiyata za ta dawo wurinmu kuma tana fama da ciwon gwiwa, sai ya ja layi a ƙarƙashin maganar, ya ce: “Malam, to mun cire bene daga lissafi, sai dai idan akwai ɗaki mai banɗaki a ƙasa. Kuma waɗannan yaran maza da kake gani ƙanana, nan da shekara bakwai ba za su kwana a tsakiyar gida tare da 'yan'uwansu mata ba, don haka wurin da za a yi musu ɗaki ta waje yana cikin abin da muke nema.” Tun daga wannan zama na fahimci cewa ma'aunin da yake auna gida da shi shi ne halin da iyali za su kasance a ciki nan da shekara goma sha biyar ko ashirin, kuma har muka gama bai sauka daga kan wannan ma'auni ba.

Batun kuɗi ma bai yi mini kara a kansa ba. Ya nemi in gaya masa ainihin abin da ke hannuna, sannan ya shawarce ni da kada in nemi gidan da zai cinye shi gaba ɗaya, domin bayan farashin gida akwai la'ada, da kuɗin lauya, da na safiyo, da kuɗaɗen da gwamnati ke karɓa wajen sauya suna a takarda, ga kuma gyaran da babu tsohon gidan da ba ya buƙata. Ya kafa hujja da abin da kowa ya gani bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, lokacin da buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama a farkon 2024, har mutane da yawa da suka sayi kango da niyyar ƙarasawa a hankali suka tsaya cak. Da na tambaye shi game da Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992 kuma ake cirar kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci domin sa, ya bayyana mini cewa rancen da Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya ke bayarwa daga asusun yana da ruwa na kashi 6 cikin ɗari, ana iya biya har tsawon shekara 30, amma ma'aikacin da zai bar aiki idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki dole ya lissafa abin da ya rage masa kafin ya sa ran samun dogon wa'adi. Ya kuma ambaci bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, ga wanda zuciyarsa ba ta kwanta da rance mai ruwa ba. Bai zurfafa a nan ba, ya ce in je in ji daga bakin masu bankin da kuma malamin da na amince da shi, kuma na ga hakan ya fi dacewa da ya yi mini fatawar da ba fanninsa ba.

Inda na ga ainihin darajar aikinsa shi ne a kan wani gida da ya kwanta mini a rai ƙwarai. Sabon gini ne a wata unguwa da ke bunƙasa a gefen gari, ɗakuna huɗu da falo biyu, tayil har tsakar gida, silin na zamani, da ƙofar ƙarfe mai kyau. Farashinsa ya fi na duk sauran da muka duba, wato la'adar da Alhaji zai samu a kansa ita ce mafi tsoka. Mun je a ƙarshen rani, ƙasa a bushe, babu alamar ruwa ko'ina. Ni ina duba ɗakuna, shi kuma ya fita waje ya tsaya a layin. Da na same shi sai ya nuna mini ƙofofin maƙwabta: kusan kowane gida an ɗaga dokin ƙofarsa da bulo jeri biyu ko uku, wasu ma sun gina 'yar katanga a bakin zaure wadda sai an tsallaka ake shiga. Ya tsuguna a gindin katangar gidan da ke kallon namu, ya shafa da hannu, farin gari mai kama da kanwa ya biyo tafinsa, kuma a saman wurin akwai wani layi mai duhu da ya zagaye ginin daidai tsayin gwiwa. Daga nan ya koma katangar gidan da ake tallata mana, ya nuna mini cewa fentin ƙasa ya fi na sama sabunta, ya ƙwanƙwasa filastar da maƙullin motarsa, ta yi ƙara irin ta abin da ya rabu da bulo. Bai ce gidan ba shi da kyau ba. Cewa ya yi: “Malam, kada ka taya yanzu. Ka bari Agusta ta zo mu dawo tare, idan an sayar kafin nan to ba rabonka ba ne.”

Kafin daminar ta yi nisa ya bincika a wurin dattawan unguwar, ya gano cewa wurin tsohon kududdufi ne da aka yi shekaru ana haƙar ƙasar gini a cikinsa, daga baya aka cike shi da shara da ɓaraguzai aka yanka fulotai. Wannan ba baƙon abu ba ne a Kano, domin kududdufai da yawa da a da suke karɓar ruwan sama na unguwanni an cike su an yi gini a kai, ruwan kuma bai daina neman inda ya saba kwanciya ba. Da muka koma bayan wani ruwa mai ƙarfi, sai a bakin titi muka bar mota, yara na tafiya a cikin ruwa har ƙauri, kuma a jikin katangar baya ta gidan wata tsaga ta fito daga kusurwar taga ta gangara ƙasa. Ƙasar da aka cike ba ta gama zama ba, kuma gini mai nauyi a kanta zai ci gaba da nitsewa a hankali ko da an yi masa kwalliyar duniya. Dillalin da burinsa la'ada kawai da ya bar ni na biya tun a rani, kuma babu wanda zai kama shi da laifi a fili, tunda ni na gani na ce ina so.

Wannan gida ya buɗe mana doguwar magana a kan bambancin awon igiya da awon gwamnati, kuma bayanin Alhaji a nan ya fi na mutane da yawa adalci. Bai kushe awon igiya gaba ɗaya ba, domin ya san cewa kaso mai yawa na mutanen Kano a irin waɗannan unguwanni suke zaune, kuma da yawansu lafiya lau. Abin da ya nuna mini shi ne cewa idan mai gona ya yanka gonarsa da kansa, yakan matse layuka domin ya fitar da fulotai masu yawa, ba ya ware wurin makaranta ko asibiti ko magudanar ruwa, kuma abin da ake gani kamar ƙaramar matsala a lokacin da unguwa ba ta cika ba shi ne ke zama babba idan kowa ya gina nasa. Ya sa na auna faɗin wani layi da taku, sannan ya tambaye ni ko mota biyu za su iya wucewa, ko motar kashe gobara za ta shiga, ko kuma ina kwatar gidaje ashirin za ta bi idan duk sun tare. Ya ƙara da cewa duk ranar da gwamnati ta zo fitar da titi a irin wannan wuri, gidajen bakin hanya ne ke fara rasa zaurukansu. Game da wuraren da ke kusa da manyan wayoyin lantarki, ko hanyar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Maraɗi, ko inda bututun iskar gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano ya ratsa, ƙa'idarsa ita ce ba ya kai mai saye sai safiyo ya tabbatar da cewa filin yana wajen iyakar da aka keɓe.

A fannin takardu ma ya yi abin a yaba, ko da yake a nan ne kuma wata gazawarsa ta bayyana, kamar yadda zan faɗa a gaba. Ya tunatar da ni cewa a ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar da ke cikin jiha tana hannun gwamna a matsayin amana, abin da mutum ke mallaka shi ne haƙƙin zama da amfani, wanda a gidajen zama yawanci na shekara 99 ne. Saboda haka tambaya ta farko da yake yi idan an nuna masa takardar shaidar mallaka ita ce a wace shekara aka bayar da ita, domin shekarun da suka wuce an riga an ci su. Sashe na 22 na dokar ya wajabta neman amincewar gwamna kafin a sayar ko a jinginar da irin wannan haƙƙi, sashe na 28 kuma ya ba gwamna ikon soke shi saboda buƙatar jama'a, inda diyyar da ake biya ta fi karkata ga abin da aka gina ko aka shuka a kan filin. Alhaji ba ya karɓar kwafin takarda a matsayin hujja. Sai an je an bincika fayil a KANGIS, hukumar da ke adana bayanan filaye ta jihar Kano, da ma'aikatar ƙasa, an ga cewa sunan da ke fayil shi ne na mai sayarwa, ba a jinginar da gidan a banki ba, babu bashin kuɗin ƙasa da ya taru, sannan a duba ko ginin yana da izinin hukumar tsara birane ta KNUPDA. Rushe-rushen da aka yi a Kano a watan Yuni na 2023, a wurare irin su Filin Idi da tsohon otal ɗin Daula, wanda maganarsa ta kai har kotu, ya sa ya ƙara wata tambaya a kan waɗannan, wato menene asalin filin kafin a yanka shi. Idan makaranta ce, ko maƙabarta, ko filin wasa, ko jikin ganuwa, to ko da takarda a hannu ba ya ba da shawarar a saya, domin gwamnatin da ta bayar ba ita ce za ta dawwama ba.

Gida na biyu da muka yi nisa a kansa gidan gado ne a wata tsohuwar unguwa mai kyakkyawan tsari, kuma farashinsa ya yi sauƙi har ya ba ni mamaki. Babban ɗan mamacin shi ne ke magana da yawun sauran, yana da takardun gidan na asali, mai unguwa ya san shi, kuma ya zo da ƙannensa biyu suka ce sun amince. Alhaji ya nemi a lissafa masa magada duka da sunayensu. A nan ne ta bayyana cewa akwai wata 'yar'uwarsu da ke aure a ƙasar waje wadda ba a ji ta bakinta ba, akwai kuma yara biyu na amaryar mamacin waɗanda ba su balaga ba. Ya bayyana mini, kuma malamin da na tuntuɓa daga baya ya tabbatar, cewa a mazhabar Malikiyya wanda yake da tarayya a cikin gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shufa'a, wato idan abokan tarayyarsa suka sayar da kasonsu ga bare yana iya biyan kuɗin ya karɓe, kuma wanda ba ya gari haƙƙinsa ba ya faɗuwa don kawai ya yi nisa. Kason marayu kuwa ba abu ne da babban wansu zai sayar da baki ba. Sharaɗin da ya gindaya shi ne a kawo takardar rabon gado daga kotun shari'a, da wakilci a rubuce daga wadda ba ta nan, da izinin alƙali a kan kason yaran. Magadan suka ga abin zai ja lokaci, suka sayar wa wani. Na ji zafin rasa gidan, amma har yau ina ganin sharaɗin daidai ne, domin shari'ar gado tana iya tashi bayan mai saye ya rushe ya sake gini, kuma sau da yawa 'ya'yansa ne ke gadon zaryar kotun.

Sauran abubuwan da ya sa na duba ƙanana ne a ido, amma su ne rayuwar yau da kullum. Ruwan famfo daga matatun Challawa da Tamburawa ba ya isa unguwanni da yawa, don haka yakan tambayi maƙwabta zurfin da suka haƙa kafin su samu ruwa a rijiyar burtsatse, da ko tana ƙafewa a watan Afrilu, da kuma nawa 'yan ga-ruwa ke sayar da jarka. A kan wuta, ya ja hankalina ga cewa tun da aka ƙara kuɗin lantarki ga masu rukunin A a watan Afrilu na 2024 zuwa naira 225 a kan kowane yunit, kafin daga baya a ɗan rage, zama a layin wannan rukuni da ake wa alƙawarin wutar sa'a 20 a rana yana da daɗinsa yana da nauyinsa, kuma ya kamata mai albashi ya san rukunin da gidan yake ciki da ko akwai tsohon bashi a kan mitar. Ya kuma nace in koma unguwar ni kaɗai bayan sallar isha'i da kuma da sassafe lokacin fita aiki, in yi salla a masallacin layin, in ga su wane ne ke zama a bakin hanya da dare.

Gidan da na saya a ƙarshe ba shi da ƙyalƙyalin na farko. Tsohon gini ne a awon gwamnati, fili ƙafa 50 da 100, an gina kusan rabinsa an bar sauran. Akwai ɗaki kusa da ƙofar shiga wanda aka yi wa mahaifiyata banɗaki a ciki, akwai wurin da za a fitar da ɗakunan samari ta waje idan lokaci ya yi, layin yana da faɗi da kwata ta siminti, kuma makarantar yara ba ta buƙatar hawa adaidaita sahu sau biyu. Alhaji ya ƙara da wani lissafi da ban taɓa jin dillali ya yi ba, cewa gidan da ke da fili da takarda mai tsabta ya fi sauƙin sayarwa ko rabawa ranar da magada za su zauna a kansa. A ranar biya ya hana a ɗauko kuɗi a jaka, aka tura ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunan da ke cikin fayil, kuma kafin alƙalamin da na bayar tun farko an rubuta cewa za a mayar mini da shi idan bincike ya nuna matsala a takardun.

Duk da wannan, akwai wuraren da aikin ofishin bai gamsar da ni ba, kuma mafi girmansu shi ne batun la'ada. Alhaji yana karɓa daga ɓangaren mai saye da na mai sayarwa, kamar yadda aka saba a garin, amma bai faɗa mini haka da bakinsa ba sai da na tambaya, kuma babu wata yarjejeniya a rubuce tsakanina da ofishin da ta fayyace abin da zan biya da abin da za a yi mini. Mutumin da ke ba ka shawarar nawa za ka taya, alhali ladansa yana ƙaruwa idan farashi ya hau kuma ɗaya ɓangaren ma yana biyan sa, yana cikin matsayi mai wuya ko da shi mai gaskiya ne. Na yarda da amanar wannan dattijo domin na gan ta a aikace, amma tsarin da ya dogara kacokan ga halin mutum ɗaya ba zai kare mai saye ba ranar da aka haɗa shi da wani daga cikin yaran ofishin. A ranar ciniki kuma wasu dillalai biyu da ban taɓa gani ba suka bayyana, kowanne yana cewa ta hannunsa maganar gidan ta biyo, kuma ko da yake Alhaji ya sallame su daga nasa kason, an ɓata lokaci ana jayayya a gaban shaidu a kan abin da ya kamata a ce an warware tun kafin a zauna.

Abu na biyu shi ne lauya. Ya so in yi amfani da lauyan ofishin, wanda kuma shi ne zai rubuta wa mai sayarwa takarda, yana cewa hakan ya fi sauƙi da arha. Na ƙi, na kawo nawa, kuma nawan ne ya lura cewa a jerin cinikayyar da aka yi a kan gidan a baya akwai guda da ba a kai ta ma'aikata ba, an tsaya ga takardar ciniki mai hatimin mai unguwa. Alhaji ya ɗauki wannan da sauƙi fiye da yadda ya kamata, yana ganin tunda mai unguwa da shaidu suna raye babu damuwa. Shaidar mai unguwa tana da amfani ƙwarai wajen sanin tarihin gida da iyakokinsa, amma ba ta maye gurbin rajistar gwamnati, kuma shaidu ba sa dawwama. Sai da lauyana ya dage aka nemo wancan mai gidan na baya ya sa hannu a takardun da suka cike giɓin kafin a biya kuɗi.

Haka kuma idonsa a kan ƙasa da unguwa ya fi idonsa a kan gini kaifi. Ya duba gidan ya ce lafiyarsa ƙalau in ban da fenti, amma injiniyan da na ɗauko ya hau cikin silin ya tarar gara ta ci wasu katakan rufi, wayoyin wuta tsofaffi ne sirara da ba za su ɗauki na'urar sanyaya ɗaki ba, kuma ramin masai ya yi kusa da inda ake shirin haƙa rijiya. An rage farashi saboda waɗannan, amma da ofishin yana da al'adar kiran injiniya kamar yadda yake kiran safiyo, da ba sai mai saye ya yi tunanin hakan da kansa ba. Kimanta farashi ma da gogewa yake yi, yana kwatanta da gidajen da aka sayar a kusa, domin shi ba ya cikin masu kimanta kadarori da ke da rajista da hukumarsu ta ƙasa, don haka wanda zai nemi rancen banki zai buƙaci rahoton ƙwararre daban.

Samarin ofishin ba su kai ubangidansu haƙuri ba. Ɗaya daga cikinsu ya sha kirana yana cewa wani ya taya gida kaza, idan ban motsa yau ba an sallama, kuma wannan ya saɓa wa duk abin da Alhaji yake koyarwa a ofishin. Na kuma lura cewa a tambayoyin farko ba a nemi jin ra'ayin maiɗakina ba, alhali ita ce ta lura cewa ɗakin girkin wani gida da muka duba ba shi da taga kuma babu wurin shanya, abubuwan da mu maza muka wuce ba mu gani ba. Da na faɗa wa Alhaji ya karɓa, ya ce daga yanzu zai riƙa neman a zo da uwargida tun duban farko, sai dai ya kamata a ce ofishin da ke tunanin shekara ashirin ya riga ya san da haka.

Wanda yake son ya tare kafin azumi ko kafin bikin da aka riga aka sa wa rana zai ga tafiyar wannan ofishi ta yi masa nawa, domin nemanmu ya ratsa rani da damina, kuma an rasa gidaje a hanya saboda sharuɗɗan da Alhaji ba ya sassautawa. Ga wanda yake da lokaci kuwa ina ba da shawarar a je wurinsa, da sharaɗin a rubuta yawan la'ada da wanda zai biya ta tun ranar farko, a zo da lauya na kai, a kuma ɗauki injiniya kafin a ba da kafin alƙalami. Ya kamata a saka a cikin yarjejeniyar har da bin fayil bayan ciniki, domin a nan ƙwazon ofishin ya ragu sosai: neman amincewar gwamna da sauya suna a takardar gidana lauyana ne yake bin su a ma'aikata, kuma duk lokacin da ake buƙatar sa hannun mai sayarwa sai na yi ta kiran ofishin kafin a nemo shi.